Ƙulli a Bakin Zanen Inna

Shekarata hamsin da ɗaya a duniya ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba. Ni ce 'yar fari, kuma a wajenmu nan Tabotaki uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta ma nuna ta san da zamansa in akwai mutane. Kunya ce, haka muka tarar. Wasu matan in shekaru sun ja sukan sassauta, su laƙaba wa ɗan wani suna su riƙa kira. Inna ba ta sassauta ba ko da rana ɗaya. In tana so in miƙo mata ludayi, sai ta dubi bango ta ce a miƙo ludayi. In ba na wurin kuwa, sunana "waccan". Hindatu ne sunana, na faɗa muku da kaina tunda ita ba faɗa za ta yi ba.

Autanmu Mahfuzu shi ya kwashe rabon kowa. Mahfuzu ka ci, Mahfuzu ka sha, Mahfuzu ina takalminka, har makwabta suka haddace. Ina yarinya abin ya ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Sai bayan na yi aure na gane inda take ajiye nata son. Duk ranar da na zo gaishe ta, da ƙyar take amsawa, amma a inuwar rumbu zan tarar da ƙwarya rufe da faifai, fura ce da nonon da bai ga ruwa ba. Babu wanda ya taɓa cewa tawa ce, babu kuma wanda ya taɓa kai mata hannu sai ni.

Sunanta na yanka Zinariya, amma duk garin Matron ake ce mata. Ungozoma ce. Tun ina ƙarama ma'aikatan lafiya suka zaɓe ta, suka kai ta Buza ta yi kwana goma ana koya musu aiki, ta dawo da ɗan akwatin ƙarfe mai almakashi da zare da sabulu da ƙwayoyin ƙarin jini na masu ciki, wasu jajaye wasu ruwan ɗorawa. Shekara talatin tana wannan aiki. Matan garinmu ba sa son ƙwayoyin, wai suna ƙara wa jariri girma haihuwa ta yi wuya, don haka kowace da dabararta. Wata ta ɓoye a kumatu, wata a ƙarƙashin harshe, wata ta maƙale tsakanin yatsu ta kai hannu baki ta kurɓi ruwa kamar gaske. Duk Inna ta san su. Takan tsaya a kan mace sai ta haɗiye, sannan ta ce buɗe baki, ɗaga harshe, ware yatsu. Wani lokaci a yi wata uku mota ba ta kawo magani ba. Sai ta ƙulle 'yan ragowar a bakin zanenta, ta bi gida gida tana jan fatar idon mata, wadda ta tarar idonta ya fi fari ita take ba.

Mantuwar ta fara da gishiri. Ta zuba a miya sau biyu, wata rana sau uku, muka yi dariya. Daga nan ta fara tambayar ko Baba ya dawo daga gona, shi kuwa shekararsa tara a ƙasa. Ranar da dariyar ta ƙare ita ce ranar da masu kiwo suka tsince ta a kan duwatsu, rana tsaka, ba takalmi, wai za ta Garhanga gidan ubanta. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, aka yi sadakar waina. Mutane suka ce tsufa ne, a yi haƙuri, abin da ake cewa ke nan in ba a gidan mutum abin yake ba. Ƙannena mata biyu suna aure nesa, mijina Mato yana can Abijan cin ranin da ya shekara shida bai ƙare ba, 'ya'yana kowa ya kama gabansa. Na naɗe tabarmata na koma ɗakin Inna.

Mahfuzu malamin makaranta ne a Yamai. Shi ya dage sai an kai ta wajen likitan ƙwaƙwalwa. Muka hau motar kasuwa zuwa Madawa, daga nan babbar mota, Ƙonni, Doso, yini cur. Inna ta yi amai har ta gaji, kuma duk garin da muka tsaya sai ta dubi taga ta tambayi gilashi ko an iso Garhanga.

Likitan matashi ne, ba Bahaushe ba, Hausarsa ta kasuwa ce amma ana ganewa. Ya tambaye ta wace shekara muke, ta ce shekarar da fara ta cinye gero. Ya ba ta abu uku ta riƙe, akuya da tsintsiya da ruwa, ya ɗan ja ta da hira, da ya dawo ya tambaya ko ɗaya babu. Ya nuna Mahfuzu, kafin ya rufe baki ta faɗi sunan, har da ƙarin bayanin cewa yaron bai karya ba. Sannan ya nuna ni.

"Wannan fa, Mama? Yaya sunanta?"

Inna ta ja mayafi ta rufe baki, ta juya ta fuskanci bango. Ya maimaita har sau uku. Ya sunkuya ya yi rubutu, ya yi wa Mahfuzu magana da Faransanci, na ga fuskar Mahfuzu ta canza. Wai ta kai matsayin da ba ta gane 'yarta. Shi kuma gogan naku, zaman Yamai ya sa har ya fara yarda, idonsa ya kawo ruwa.

Na ce, "Likita, gyara takardarka. Ta san ni sarai, ɗiyar hwari nike. Ran da kaj ji ta hwaɗi sunana, to ran nan za ka rubuta abin da ka rubuta yanzu."

Mahfuzu ya yi masa bayani, likita ya yi dariya ya ba ni haƙuri, ya soke rubutun. Ni ma dariya na yi. Da wasa na faɗi maganar, kuma a duk tafiyar nan babu abin da ya faranta mini rai kamar wannan juya bayan da ta yi.

Aka ɗebi jini, bayan kwana huɗu muka koma. Likita ya ce akwai wani abu da ya yi yawa a jininta, sunansa omosisteyin. Na gwada faɗa harshena ya ƙi, Mahfuzu kuwa ya riƙa maimaitawa kamar shi ya raɗa masa suna. Likita ya ce in ɗauke shi kamar toka a murhu. Kowane jiki yana yin ta, amma akwai bitamin guda uku masu kwashe ta kullum. In sun yi ƙaranci sai tokar ta taru, ta riƙa lalata ƙananan hanyoyin jini na cikin kai. Ta mai lafiya ba ta wuce goma sha biyar, ta Inna talatin da takwas. Ya tambayi abin da take ci. Na ce fura da tuwo. Nama fa? Tun da haƙoranta suka zube ta bari. Nono? Saniyar ta mutu shekaru huɗu da suka wuce. Ya girgiza kai ya ce ga shi kuma cikin tsoho ba ya tsotse abinci yadda na yaro ke yi.

Ya rubuta ƙwayoyi iri biyu, a sha kullum da safe, ya ce a haɗa da ƙwai da nono da wake da ganyen zogale, da hanta in an samu a daka mata. Sannan ya dube ni, ba Mahfuzu ba, ya ce in saurara da kyau. Lambar za ta sauka, wannan kusan tabbas ne. Amma abin da ya riga ya tafi ba ya dawowa. Wasu tsofaffin maganin yana rage musu gudun mantuwar, wasu ba ya yi musu komai, shi kuma ba zai yi mini alkawari ba. Mu dawo bayan wata huɗu a sake awo.

Na ji duk abin da ya ce. Amma abin da na tafi da shi gida guda ɗaya ne, cewa in na kwashe tokar nan a kan lokaci, wataƙila Inna ta mutu tana sane da ni. Ban nemi ta tuna akuya da tsintsiya ba. Ta ci gaba da juya mini baya kawai har ranar da Allah zai karɓi abinsa, ya ishe ni.

Da muka buɗe kwalin a gida, ƙwaya ɗaya ja ce, ɗaya ruwan ɗorawa. Na ga Inna ta ƙura musu ido ta daɗe, ta sa yatsa ta jujjuya su a tafin hannuna. Ban kawo komai a raina ba.

Haka muka shiga wata huɗun. Kowace safiya in ta idar da salla, wadda wani lokaci takan yi raka'a biyu wani lokaci bakwai, sai in zuba mata ƙwaya biyu a hannu in miƙa moɗa. Ta kai hannu baki, ta kurɓi ruwa, in ga maƙogwaro ya motsa. Ni 'yar Matron ce, ba a yi mini wayo, don haka sai in dubi bango yadda take yi in ce a buɗe baki, a ɗaga harshe. Ta buɗe, ta ɗaga, fes. In ɗauki gawayi in ja layi ɗaya a bangon ɗaki. Daga nan sai in shiga sauran aikin, wanda ba wanda ke ja masa layi: wankin zanen da ta ɓata, ɗiban ruwa, daka, dafa ƙwan da za ta ce ba ta ci sai Mahfuzu ya ci, neman ta in ta sulale, amsa tambayar Baba sau ashirin. Da fari nakan ce ya rasu, sai ta yi kuka sabo fil kamar yau aka yi mutuwar. Daga baya na koma cewa yana gona.

Gajiyar wannan aiki ba irin ta noma ba ce, wadda in ka kwanta take sauka. Na rame, zannuwana suka yi mini yawa. Akwai ranakun da nake tsayawa a bakin rijiya, guga a hannu, in rasa me ya kawo ni, har in ji tsoro ko tokar ta fara taruwa a nawa kan. Akwai kuma ranar da na daka mata tsawa don ta zubar da kunu, ta dubi bango, ni kuma na fita bayan rumbu na yi kuka na share na dawo na dama wani.

Mahfuzu yana aiko maganin ta hannun direba, ba ya fashi, wannan na ba shi. Kowace Juma'a kuma sai ya kira. Tambayarsa ɗaya ce, tana shan maganin kuwa? Ba ya tambayar ko na runtsa, ko bayana ya daina ciwo. Jinya ta waya tana da daɗi, ba ta da wari.

Layukan gawayi suka cika ɗari da ashirin, muka sake hawa mota. A wannan karon Inna ba ta iya riƙe ko abu ɗaya ba, ta kuma kira likita da sunan wani ƙanenta da ya mutu tun ban yi wayo ba. Amma da ya nuna ni, yana murmushi don ya tuna, ta juya ta ba ni baya. Sakamako ya fito, talatin da biyar. Likita ya dubi takarda ya dube ni, ya ce da wuya mutum ya sha maganin nan wata huɗu lamba ta tsaya haka.

Muna fitowa, a bakin ƙofar asibiti, cikin mutane, Mahfuzu ya tsaya ya ce, "Yaya, don Allah ki hwaɗa mini gaskiya. Kina ba ta kuwa, ko mantawa kike?"

Kaina ya ɗau zafi. Na ce masa ga ta nan tsaye, uwarsa ce, sunansa take kira. Ya riƙe ta mako guda, mako guda tak, ya wanke mata zane da hannunsa mai riƙe alli, ni in koma Tabotaki in riƙa kira ranar Juma'a. Ya sunkuyar da kai. Matarsa ma'aikaciya ce, ɗakinsu biyu, na san ba zai iya ba, shi ya sa na faɗa. Har muka hau mota ban ƙara yi masa magana ba. Amma a hanya maganar ta riƙa damuna, don ni na zuba ƙwayoyin da hannuna, ni na ja layukan, kuma takarda ta ce ƙarya nake.

Kwana uku da dawowarmu sai ga Shamsiyya, matar Ilyasu makwabcinmu, da cikinta wata bakwai, ta shigo da ƙwai huɗu a ɗan kwano. Ta durƙusa ta gaida Inna, ta ce ta zo godiya. Na ce godiyar me? Ta ce ta je awo, majo, malamin asibitin garinmu, ya yaba jininta, ya ce duk cikin masu awo ba kamar ta. Ita kuwa ta san ba komai ba ne sai don tana haɗa na asibiti da na Matron.

"Wane na Matron?"

"Wanda taka ba mu, Gwaggo. Ja guda, ɗorawa guda. In kin tahi rijiya sai ta kira mu ta kan darni. Ni da matar Alhusaini, da su Sa'a. Mun aza kin sani."

Na zauna a inda nake tsaye. Inna tana kan tabarma tana tsince tsakuwa daga wake, ko a jikinta. Na dubi bakin zanenta. Akwai ƙulli, kullum akwai ƙulli, tun ina goye nake ganinsa, goro ne ko kanwa ko allura. In zan yi wanki ita take kwancewa ta mayar a wani zanen. Ban taɓa sa hannu ba, don kunyar ba ita kaɗai ke yi ba, ɗan fari ma ba ya binciken uwarsa. Ranar na sa hannu. Ta riƙe, na fi ta ƙarfi. Ƙwaya shida, uku ja uku ruwan ɗorawa, na kwana ukun da muka dawo, a bushe, ko miyau bai taɓa su ba.

Tsakanin yatsu. Na duba baki, na duba harshe, na manta na uku. Wata huɗu matar da ba ta san shekarar da muke ciki ba tana yi mini dabarar da ita ta koya mini kama ta.

Abin da ban taɓa yi ba a rayuwata na yi, na zauna gabanta daf na yi mata magana kai tsaye. Na ce Inna naki ne, ke likita ya ba, kanki ake gyarawa, don me za ki yi mini haka. Ta kawar da kai ta nemi bango, ta yi magana a hankali kamar mai ba yaro saƙo.

"A gaya ma waccan, tsohuwa ba ta haɗiye maganin masu ciki yara na zamne ba jini. Wata ukku mota ba ta zo ba. Ni na gama haihuwa."

Shamsiyya ta fara hawaye tana ba ni haƙuri. Ni kuwa dariya ce ta kama ni, marar daɗi, har da riƙe ciki, daga baya ta rikiɗe ta zama kuka. Wata huɗu sun tafi a banza, watannin da likita ya ce abin da suka ɗauke ba ya dawowa. Raina ya ɓaci da ita, ya ɓaci da kaina. Amma ko a cikin ɓacin ran na ji kalmar, ta ce waccan, na riƙe ta.

Na je wajen majo na faɗa masa. Ya ce matan ba abin da zai same su, ɗaya daga cikin ƙwayoyin ma dangin wadda yake ba su ce, amma su daina. Ya ce in riƙa murƙushe mata a abinci. Na kira Mahfuzu na gaya masa, ya ce in yafe masa. Na ce na yafe, don ba ni da ƙarfin riƙon.

Sabuwar hanya ta fi wahala. In murƙushe ƙwayoyin da bayan cokali a ɓoye, in dama a cikin ludayi ɗaya na fura, in tsaya a kanta sai ta shanye wannan ludayin kafin in ba ta ƙwaryar. In na zuba a ƙwarya duka, to rabin unguwa ne za su sha, don Inna ba ta iya ganin mutum ya wuce ba ta miƙa masa ba. Wani lokaci ta ce furar da ɗaci, ta tofar, in sake sabo. Na share layukan bango na fara wasu.

Ita kuma aikinta bai tsaya ba. Da ta ga ƙwayoyi sun daina zuwa, kwana biyu tana ɓacin rai, tana faɗa wa bango cewa mutanen Buza ba su da alkawari. A na uku na gan ta a gindin rumbu ta baza dawa a faifai tana tsinta, jar dawa ɗaya, kaura mai ruwan ɗorawa ɗaya, tana ƙullewa a bakin zane. Na roƙi matan unguwa duk abin da ta ba su su karɓa. Suka riƙa zuwa, har da waɗanda ba su da ciki, ta ja musu fatar ido, ta ba su dawa biyu, su haɗiye, su buɗe baki, su ware yatsu. Lokacin da Shamsiyya ta sauka, namiji, aka kawo shi Inna ta duba cibiyar ta ce an yanka da kyau. A sa'ar zuwan matan nan kaɗai take komawa mutum sosai. In sun watse sai ta zauna tana kallon ƙofa, hannuwanta a cinya.

Damina ta faɗi, aka yi shuka, aka yi noma, ban taka gona ba. Gero ya fara fitar da kai muka yi tafiya ta uku. Aka ɗebi jini, amma ban yarda mu jira sakamako ba, don Inna ta rikice a gidan Mahfuzu, ta ƙi ci, tana neman ƙofa. Muka juyo. Ko da muka iso gida kwana biyu tana tambayar gidan wa aka sauke ta. Maganarta ta ragu. Ta daina tambayar Baba, ni kuma da na gaji da tambayar sai na tarar ina jiran ta.

Ranar Talata da hantsi waya ta yi ƙara. Ina zaune a ƙofar ɗaki ina tankaɗe, Inna tana kan tabarma kusa da ni. Na buɗe muryar yadda za ta ji autanta. Mahfuzu baki har kunne, ana ji a muryarsa.

"Yaya Hindatu, lambar ta sauka. Goma sha biyu. Likita ya ce ya gaishe ki, ya ce aikinki ya yi kyau. Kin ji, Yaya Hindatu? Tokar ta kwashe."

Na ce alhamdulillahi, na ce Allah ya saka masa. Ya ce a ba shi Inna, na kara mata wayar, ya yi ta magana ba ta amsa ba, har ya gaji ya ce zai kira Juma'a. Na ajiye wayar na ɗauki rariya. Goma sha biyu. Na fara tunanin ko in yanka kaza.

"Hindatu."

Na ɗauka daga waje ne. Na dubi ƙofar gida, babu kowa.

"Hindatu. Matso nan."

Na juyo. Tana kallona ido cikin ido, fuskarta a sake, da fara'ar nan da take yi wa matan mutane. Ban taɓa ganin ƙwayar idonta a miƙe haka ba, ashe akwai ɗan tabo a na hagu. Shekara hamsin da ɗaya ina son in ji yadda sunana zai fito daga bakin nan. Ya fito da daɗi, ta ja ƙarshensa kaɗan yadda mutanen Garhanga ke yi. Na ji shi, na so a ce na kurumce kafin wannan safiya.

Na matsa. Ta sa babban yatsa ta ja fatar idona ta duba, ta girgiza kai.

"Ba ki da jini, ɗiyar nan. Wa ka wahal da ke haka?"

Ta kwance bakin zane, ta zaɓo jar dawa ɗaya, kaura ɗaya, ta zuba mini a hannu, ta turo moɗa. Na kai baki na haɗiye. Ta ce buɗe baki, na buɗe. Ɗaga halshe, na ɗaga. Ware yatsu, na ware. Ta gamsu, ta mayar da ƙullinta, ta dafa kaina.

"Ki dawo gobe da sahe. Ke ɗiyar wane gida ta?"

Na ce nan kusa ne.

"To. Ki gaishe mini uwakki."

"Za ta ji," na ce.

Ta koma kallon ƙofa. Na kakkaɓe zanena na tashi. Sannan na shiga ɗaki na ɗauko cokali da kwalin, don ba ta sha na ranar ba tukuna.